Motar da Ba Ta Bi Yaya Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, babba da ƙarami. Yayana ya rasu wata Talata bayan sallar La'asar, a zaune kan benci a rumfarsa ta gyaran keke da ke unguwar Nima a birnin Akra, da sifana a hannunsa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya yi masa magana sau biyu bai amsa ba, ya ɗauka gyangyaɗi yake yi. Da ya taɓa kafaɗarsa sai sifanar ta faɗi ƙasa.

Kafin Magariba gida ya cika. Mata suka shige wurin matarsa, maza muka zauna a waje kan tabarmi da kujerun roba. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta zauna a bakin ƙofa tana maimaita magana ɗaya: "To wa zai gyara mini ƙafar baro yanzu? Shi da ba ya ko bari in yi godiya." Tsofaffin abokansa 'yan dakon albasa na Agbogbloshie suka zo da ƙurar kasuwa a jikinsu, suka yi addu'a.

Amma maganar da ta fi yawo a wurin zaman makokin ita ce wannan: "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Wani ya ƙara da cewa, "Tun faɗuwar nan da ya yi a hanyar Kumasi bai sake komawa daidai ba. An ce ya jira a gyara mota, ya ƙi, ya kama hanya shi kaɗai." Duk wanda ya faɗi haka sai ya juyo ya dube ni don in gaskata shi. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, su ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana.

Saboda wannan maganar nake yin rubutun nan. Ban yi nisa a boko ba. Direba ne ni, na tsufa ina jan motar haya tsakanin Nima da tashar Sakul. Amma ba na so jikokinsa su tashi suna jin cewa taurin kai ne ya karya kakansu.

Washegari da safe ana shirin sallar gawa sai ga 'yan keke. Sun fi ashirin, 'yan ƙabilar Ga da Asantawa da 'yan arewa, yawancinsu ba Musulmi ba, har da mata uku da suka yafa gyale. Duk sun ɗora dogayen wanduna a kan matsattsun kayan hawansu. Suka jingine kekunan a jikin bango, suka tsaya daga nesa. Shugabansu, wani malamin makaranta ɗan Ga da suke kira Kyaftin, ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Alhaji, sannu. Oluman ya tafi ya bar mu." Haka suke kiran Yaya, Oluman, wato tsoho. "Muna so mu raka shi. Ba mu shiga ciki. Baya kawai za mu bi."

Wani dattijo a gefena ya ce, "Jana'iza ce fa, ba tsere ba."

Babban ɗan marigayin ya sunkuyo kusa da kunnena. "Baffa, kai ne babba yanzu. Me ka ce?"

 Bakina ya yi nauyi kamar yadda ya saba yi duk lokacin da Yaya yake bukatarsa. Liman ne ya raba gardama, ya ce wanda ya so mamaci ba a hana shi rakiya, su biyo.

Motar gawa ta unguwa ta tafi wata jana'izar, don haka aka cire kujerun bayan motata aka sa makara. Ni na ja. Da muka hau babban titi na duba madubi, na gan su a bayana layi biyu, suna taka feda a hankali, babu mai magana, babu mai wuce wani.  Wannan motar ce ya roƙe ni in bi bayansa da ita shekara shida da suka wuce. Ban bi ba. Ga shi yau na ɗauko shi a ciki, su kuma baƙi suna tsare masa baya.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, shi da ni, shekara bakwai tsakaninmu. A Salaga aka haife mu. Da mahaifinmu ya rasu, Inna ta sayar da tasoshin aurenta ta saya wa Yaya wani tsohon keke, ta ɗora shi da keken a kan motar goro zuwa Akra. Da wannan keke ya yi tallan burodi, ya yi dakon albasa, har ya koyi gyara ya kafa rumfa. Shi ya aika aka kawo ni, shi ya kai ni wurin wanda ya koya mini mota. Da Inna ta rasu labari bai iso mu ba sai da aka yi kwana tara da binne ta. Mun je gaisuwa a mota, muka kwana biyu muka dawo, amma abin bai taɓa kwanta masa ba. Yakan ce, "Da keke ta sallamo ni. Da keke ya kamata in koma in ce mata na gode." Mukan yi dariya, mu ɗauka magana ce kawai.

Mutum ne da ba ya son dogon bayani. In ka kawo masa keke ka fara faɗin abin da ya lalace, sai ya ɗaga maka hannu, ya ɗage ƙafar keken, ya juya ta da yatsa, ya kara kunne. "Kai kana iya yi mini ƙarya," in ji shi, "ita ba ta iya ba. Juya ta ka saurara." Na ji wannan magana a bakinsa ya fi sau ɗari, kuma duk da haka ranar da ya kamata in tuna da ita na manta.

Ya wuce sittin lokacin da likita ya ce jininsa ya hau, sukari ma ya taɓa shi, sai ya riƙa motsa jiki. Tsofaffin unguwa da aka gaya wa haka sukan zaga filin ƙwallo sau biyu su dawo su sha shayi da madara. Shi kuwa sai ya harhaɗa wa kansa keken tsere daga kayan gwanjo, siriri mai lanƙwasasshen kai. Wata Lahadi ya tarar da 'yan keken nan a gindin dutsen Aburi, sarƙar ɗayansu ta tsinke. Ya haɗa ta nan take. Cikin raha suka ce tsoho ya biyo su mako mai zuwa. Ya zo, cikin jallabiya, ya cusa bakin wandonsa a cikin safa. Kyaftin ya ce ranar sau huɗu yana sauka ya tura keken, amma bai juya ba sai da ya ga saman dutsen.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan tsari irin wanda ban taɓa gani ba. Da an sallame Asuba ya fita. Ba ya ƙara nisa sai kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, ya ce jiki kamar sabon almajirin gyara ne, in ka jibga masa aiki rana ɗaya sai ya gudu. Ranar Juma'a ba ya hawa ko kaɗan. Asabar da Lahadi kuwa yakan yi doguwar tafiya a jere, da gangan, don ƙafa ta saba da tashi aiki alhali gajiyar jiya ba ta sake ta ba. Yana sa ɗan gishiri da sukari a gorar ruwansa, aljihunsa cike da dabino da ayaba. Yakan ce wa matasan, "Ku sha tun ƙishi bai zo ba. In ya riga ya zo, kun makara." A hawan dutse yakan sa giya mai sauƙi, ya kafa ido kan tayar gaba, yana salati daidai da juyin feda. Da azumi sai ya fita ana saura kaɗan a sha ruwa, ya lissafa hanya yadda kiran salla zai same shi a ƙofar gida. Matarsa ta ce man kaɗanyarta ya daina yin auki, domin shi yake kwashewa ya shafa inda sirdi ke cinsa. Da ta yi ƙorafi ya ce, "Hajiya, ke fuskarki kike gyarawa, ni kuwa wurin zamana nake ceto."

In lokacin salla ya same su a hanya, sai ya sauka ya shimfiɗa ɗan ƙyallensa a gefen titi. Kyaftin ya ce da farko sukan wuce su bar shi, daga baya suka ga ba daidai ba ne, suka riƙa tsayawa, ɗaya ya riƙe masa keke har ya idar.

Abin da duk suka fi faɗa a kansa shi ne, ba ya taɓa shiga gaba. Da ƙafarsa ta yi ƙarfi yana iya bin na gaba-gaba, amma sai ya zaɓi zama na ƙarshe. Ɗaya daga cikin matan nan uku da suka zo jana'iza, ma'aikaciyar jinya ce a Mamobi, ta gaya mini tana kuka cewa ranar da ta fara hawa kowa ya ɓace mata, numfashi ya ƙare, ta tsaya za ta kira tasi. Sai ta ji murya a bayanta: "'Yata, ni ma na gaji, taimake ni mu tafi tare." Ta ce sai da ta yi wata uku kafin ta gane bai gaji ba.

Rigimarmu da shi a kan wando ta fara. 'Yan keke suna da wani gajeren wando mai kama jiki, da soso a ciki, wanda in ba shi doguwar tafiya ba ta yiwuwa. Yaya ya san irin unguwar da yake zaune. Yakan ɗora jallabiya a kai, sai ya fita unguwa ya wuce Kanda sannan ya cire ta ya naɗe. Amma direbobi ba inda ba sa zuwa. Aka gan shi, aka ɗauki hoto a waya, hoton ya zaga. Na same shi a rumfa na ce, "Yaya, kana da jikoki. Ana kiranka ɗaurin aure, ana kiranka sasanci. Me ya kai ka shigar yara?"

Bai ɗago daga tayar da yake wa faci ba. "Alhajin mota, wandon ya sauka har gwiwa. Na tambayi liman."

"Ba maganar liman nake ba, maganar mutane nake."

"Mutanen nan, ranar da jinina ya kayar da ni, su za su ɗauke ni?"

Na ce ya zubar mana da mutunci. Na faɗa da ƙarfi, a gaban masu jiran gyara, ga wanda ya yi mini uwa ya yi mini uba. Ya hura tayar, ya tsoma ta a ruwa yana neman inda take yoyo, ya ce, "Ka gaida gida." Muka yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi ya fara zuwa. Ya shigo gidana da takarda a hannu, ya zana hanya da biro: Akra zuwa Nkoko, zuwa Kumasi, zuwa Atebubu, zuwa Yeji, a haye tafki a jirgin ruwa, sai Salaga. Kwana biyar. Shekara uku yana shiri. Abokan hawansa duk ma'aikata ne, za su raka shi ranar farko su juyo. Abin da yake bukata mota ce da za ta bi shi a baya.

"Ba wani aiki ba ne," in ji shi. "Ka ɗauki ruwa da abinci da tayar canji. Ka kunna fitilun nan masu ƙyaftawa, ka biyo ni a hankali. Manyan motoci in sun gan ka sai su kauce tun daga nesa. Bayana kawai za ka tsare."

Na ji kunyar abin da na yi masa a rumfa, na ce na yarda. Na sa hannuna cikin nasa. Ya yi murna kamar yaro, har ya sa matarsa ta soya nama ta yi dambu na guzuri.

A makon tafiyar ne kuma wasu manyan mutane daga Sabon Zango suka aiko cewa za su kawo goron neman auren 'yata ta biyu. Gida ne na masu hali, masu riƙe da girma. Ana saura kwana biyu mu tashi, bayan sallar Azahar, wani abokin wasana ya ɗaga murya a ƙofar masallaci: "Alhaji, an ce kai ne za ka yi kiwon tsoho mai ɗan kamfai har Salaga! Surukanka na Sabon Zango sun san sabuwar sana'arka?" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar.

Ba wanda ya ce za a fasa auren. Ina so a rubuta wannan a sarari. Ba wanda ya ce komai ban da wannan wasan. Ni kaɗai na zauna na ƙulla abin a raina har ya zama dutse. Kuma maimakon in je in ce, Yaya, na ji tsoron bakin mutane, sai na ɗauko jak.

Ranar tafiya bayan Asuba ya iso yana tura keke, ɗansa na biye da jarkoki biyu rawaya cike da ruwa, da tabarma, da ƙullin guzuri. Suka tarar da motata a ɗage, ƙafar gaba a cire, na jera notocinta a kan tsumma.

"Boris ɗin ƙafar ne, Yaya," na ce. "Jiya ya fara ƙara. Sai an nemo wani, wataƙila kwana uku ko huɗu." Na san baƙin Sabon Zango za su zo su tafi kafin nan, na kuma san abokansa na jiransa a hanya. Na ɗauka zai haƙura ya ɗaga tafiyar, daga nan ta shiririce.

Ya jingine keken. Ya tsuguna a gaban motar, ya sa yatsa ya juya cibiyar ƙafar, ya kara kunne. Ta juya sumul, ba ƙara, ba gargada. Ya sake juya ta. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe, ya goge yatsansa a jikin jallabiya, bai dube ni ba.

"To, Allah ya sawwaƙe," in ji shi.

Ya ɗaura jarka ɗaya da guzurin a bayan keken da igiyar roba, keken da ba a yi shi don kaya ba. Ɗaya jarkar ya bar ta a ƙofar gidana. Ya ce wa ɗansa ya koma gida. Na tsaya ina kallon bayansa yana tangaɗi da nauyin ruwan har ya sha kwana.

Rana ta biyu, bayan abokansa sun juyo, gaba kaɗan da Nkoko, wata tirela ta fito wuce 'yar'uwarta, ta matse shi zuwa bakin kwalta. Ruwan jarkar ya kaɗa, bayan keken ya zame, ya faɗa cikin lambatu. Ƙugunsa ya karye, da ƙashin kafaɗa. Wasu mata masu sayar da burodi suka ɗauki wayarsa suka kira lamba ta farko, tawa ce.

Ban yi minti goma ba na mayar da ƙafar motar. Da na isa asibitin da aka kai shi, gadonsa na kusa da taga, ya ga shigowata da motar. Na tsaya a kansa.

"Ta warke?" in ji shi.

"Ta warke, Yaya."

"Alhamdulillahi. Ɗayanmu dai ya warke."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini ke nan a kan maganar, har ya koma ga Allah. Da 'yan dubiya suka fara zuwa, da bakinsa ya riƙa cewa, "Laifina ne. Ƙanena ya ce in jira a gyara mota, na ƙi." Ina zaune ina ji. Bayan wata huɗu aka ɗaura auren 'yata, shi ne waliyyi. Ya zo da sanduna biyu, cikin babbar riga da rawani, ya ba da ita da murya mai daɗi. Surukan da na ji wa tsoro suka kewaye shi suna tambayarsa labarin keke, babbansu har yana cewa da ma shi ke da irin wannan ƙarfin zuciya.

Shekara guda bai hau ba. Da ya koma, ƙafar hagu ta gajarta, sai ya ƙara wa fedar wannan gefen ɗan katako. Ya sake farawa daga zagayen unguwa, kamar bai taɓa hawa dutse ba. Duk bayan Babbar Salla yakan tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, "Alhajin mota, bana fa?" Ni kuma in ce, "In Allah ya yarda, baɗi." Yanzu ba kunyar mutane ke hana ni ba. Kwana biyar ina kallon wannan gajeriyar ƙafar tana juyawa a gabana, shi ne abin da na kasa ɗauka. Bana da ya tambaya na ce to. Muka sa rana. Saura mako biyu sifanar ta faɗi daga hannunsa.

Bayan addu'ar bakwai na shiga gaida matarsa. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Ƙanin miji, in maganar ƙafar mota ce, na sani. Tun a asibiti ya gaya mini."

Na ce, "Hajiya, me ya sa bai tona ni ba?"

"Ya ce yarinya na shirin shiga gidan mutane, ba za a ce ubanta ya yi wa ɗan'uwansa haka ba. Ya sa na rantse ba zan ɗaga maganar ba yana raye." Ta ja carbi biyu. "Ni dai ban yafe maka da wuri ba, kada in yi maka ƙarya. Shekara biyu ina ba ka abinci ba da son raina ba. Shi kuwa ko a ranar cewa ya yi, tsoro ne ya kama yaron nan, ba mugunta ba. Kana da furfura yana ce maka yaro."

Ranar addu'ar arba'in, bayan liman ya shafa fatiha, na miƙe a gaban jama'a na faɗi abin da na rubuta a nan. Ban iya tsara shi ba, amma na faɗa.  Abokin wasan nan nawa ya rufe fuska da hularsa. Babban ɗan Yaya, wanda ya ɗauko jarkokin a ranar, ya tashi ya fita, kuma har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta hannu. Yana da gaskiya.

Kyaftin ya same ni a waje. "Alhaji, mu huɗu mun ɗauki hutu tun da, don Oluman. Hutun yana nan. Mota fa, yana lafiya?"

Na ce lafiyarta ƙalau. Na ce ba ta taɓa yin ciwo ba.

Muka tashi bayan Asuba, su huɗu a gaba, har da ma'aikaciyar jinyar nan, ni a baya da fitilu suna ƙyaftawa. Keken Yaya na kwance inda aka sa makararsa. Jarkar da ya bari a ƙofata, wadda ta shekara shida a bayan ɗakina ban iya taɓa ta ba, na wanke na cika ta. Duk bayan sa'a guda mu tsaya in ba su ruwa da ayaba. Direbobin da suka san ni suna wucewa suna danna ham, wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, kiwo ake yi?" Na ce, "Kiwo ake yi."

Rana ta biyu muka wuce Nkoko. Ban san daidai wurin da ya faɗi ba, kuma ban tambaya ba. Amma a wannan shimfiɗar hanyar na hango tirela a madubi tana tahowa da gudu. Ta matso, ta ga fitiluna, ta rage, ta buɗe can tsakiyar titi ta wuce. Iskarta ta girgiza motar. Mutum huɗun da ke gabana ko waiwayowa ba su yi ba. Shi ke nan aikin. Abin da ya roƙe ni ke nan gaba ɗaya. Na yi kuka a kan sitiyari, amma ban tsaya ba, domin in na tsaya bayansu zai buɗe.

Rana ta biyar muka haye tafki muka shiga Salaga da La'asar. A bakin hanyar maƙabarta suka tsaya, Kyaftin ya sauko da keken Yaya ya miƙo mini. Ban iya hawan irinsa ba, gwiwoyina ma ba za su yarda ba. Na rataya jarkar da sauran ruwan da ke ciki, na tura shi da ƙafa. Katakon da ya ƙara wa fedar yana ta bugun ƙaurina.

Wata gwaggonmu da ta rage, wadda ido ya fara gaza mata, ta sa aka kawo ta bakin wurin. Ta nuna da sanda ta ce tsakanin itatuwan can biyu ne, ko dai kusa da na dama. Ƙasa ta daidaita, babu alama. Na jingine keken a jikin itacen dama, na yi sallama, na yayyafa ruwan a inda nake zato. Na ce, "Inna, ga keken. Mai shi ya so ya zo da kansa, tun shekara shida. Ni na hana. Ya ce a ce miki ya gode."

Ban ce wannan ya biya ba. Wanda ya kamata ya ji iskar Salaga a fuskarsa yana kwance a Akra. Abin da nake roƙo ga duk wanda ya karanta, in ya ji an ce marigayin nan mai gyaran keke na Nima taurin kai ne ya karya shi, ya ce a'a, ƙaninsa ne ya cire ƙafar mota.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da Inna a inda babu gajiya. Yadda ya tsaya a bayan masu rauni bai bar kowa a hanya ba, Allah kada ya bar shi. Ni kuma ku sa ni a addu'a, ko Allah ya sa in sami fuskar da zan dube shi da ita.